Musayar Bayanan Kaya Ta Na'ura Tsakanin Hukumomin Kwastan Na Afirka Ta Yamma

Musayar bayanan kwastan ta na'ura wani tsari ne wanda a ƙarƙashinsa hukumar kwastan ta wata ƙasa take aika wa takwararta ta maƙwabciyar ƙasa cikakken bayanin kayan da suka doso kan iyaka, ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, tun kafin motar da ta ɗauko kayan ta iso. Bayanin ya ƙunshi sunan mai kaya da na wanda za a kai wa, da irin kayan, da yawansu da nauyinsu da darajarsu, da lambar mota, da lambar hatimin da aka rufe kwantena da shi, da hanyar da aka yanke wa direba ya bi, da kuma adadin kwanakin da aka ɗiba masa. A yankin ƙungiyar ECOWAS ana kiran wannan tsari da suna SIGMAT, wanda taƙaitawa ce ta sunansa na Faransanci, ma'anarsa kuwa haɗaɗɗen tsarin kula da kayan da ke ratsa ƙasa.

Harkar kwastan dai hurumin Gwamnatin Tarayya ce kamar yadda tsarin mulki ya tanada, kuma babu hannun jiha ko ƙaramar hukuma a cikin gudanar da ita. Amma Jihar Katsina tana da manyan ƙofofi biyu zuwa Jamhuriyar Nijar, wato ta Jibiya wadda ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, da ta Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'aduwa wadda ta nufi Matamaye da Damagaram. Duk abin da ya sauya a ofishin kwastan, manomi da ɗan tireda da direba da mai lodi a waɗannan garuruwa su ne suke fara jin sa a jikinsu. Saboda haka ya dace jama'a da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san yadda abin yake.

Matsalar da ake son magancewa

Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku, haka nan Mali da Burkina Faso. Duk kayan da suka saya daga ƙetare sai an sauke su a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, kamar Kwatano a Jamhuriyar Benin, ko Lome a Togo, ko Tema a Ghana, ko Abidjan a Kwaddibuwa, ko Legas, sa'an nan a ɗora su a kan manyan motoci a ratsa ƙasar da su. Irin waɗannan su ake kira kayan wucewa. A bisa ƙa'ida ƙasar da aka ratsa ba ta karɓar kuɗin fito a kansu, domin ba a cikinta za a sayar da su ba. Ƙasar da za su sauka ita ce mai haƙƙin karɓa.

A nan ne gizo yake saƙar. Ɗan kasuwa yana iya cewa kayansa na wucewa ne, a sake shi ba tare da ya biya komai ba, in ya yi nisa da tasha sai ya karkata ya sauke su a wata kasuwa ta cikin ƙasar. Ko kuwa ya rubuta buhu dubu a ofishin farko, in ya isa kan iyaka ya gabatar da wata takardar mai cewa buhu ɗari shida. Jami'in da ke wannan gefen ba shi da hanyar sanin abin da aka rubuta a wancan gefen, sai abin da direba ya miƙa masa, takarda kuwa ana iya sauya ta a hanya. Don gudun haka kowace ƙasa ta ɗauki nata matakin tsaro: ta sa a sake cika sabuwar takarda a kan iyakarta, ta sa a ajiye sabon kuɗin lamuni, ta haɗa motoci da jami'an rakiya waɗanda mai kaya ne yake ɗaukar nauyinsu, ta kuma kafa shingaye a kan hanya. Sakamakon shi ne mota ta kwana biyu ko uku a bakin iyaka tana jiran takarda, kuma duk abin da aka kashe a wurin, a ƙarshe mai saye a kasuwa ne yake biyansa. Mai gaskiya da mai ha'inci duk layi ɗaya suke bi, alhali kuwa mai ha'inci shi ne ya fi sanin yadda zai tsallake layin.

Tun a watan Mayu na 1982 shugabannin ECOWAS suka rattaba hannu a birnin Kwatano a kan wata yarjejeniya ta zirga-zirgar kayan wucewa ta hanyar mota, wadda ta tanadi littafi guda ɗaya da zai raka kaya daga inda suka tashi har inda za su sauka. A 1990 aka ƙara mata wata yarjejeniyar a kan lamuni, inda kowace ƙasa ta naɗa wanda zai tsaya wa 'yan kasuwa. A ƙasashe masu amfani da Faransanci galibi cibiyoyin ciniki aka ɗora wa wannan aiki, a Nijeriya kuwa bankin NEXIM. Manufar tana da kyau, amma shekaru da dama abin bai yi aiki yadda aka tsara ba, domin littafin takarda ne, kuma babu wata hukuma da ta yarda ta jingina kuɗin shigarta a kan hatimin wata hukumar da ba ta iya bincikawa.

Shigowar na'ura

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, manhajar kwastan da ta fi yaɗuwa a duniya, wato ASYCUDA, wadda maƙwabtanmu suke kira SYDONIA, asalinta daga buƙatar yankin nan ne. A farkon shekarun 1980 ne ECOWAS ta nemi hukumar ciniki da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta taimaka mata wajen tattara alƙaluman cinikin waje, kuma daga wannan aiki aka haifi manhajar. Nijeriya ta yi amfani da ita na tsawon shekaru, daga baya ta koma kan wani tsari mai suna NICIS, sa'an nan a ƙarshen 2024 Hukumar Kwastan ta fara aiki da sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a ɗaya daga cikin tashoshin Legas, ta ci gaba da faɗaɗa ta zuwa sauran rassa a 2025. Ghana ta koma kan nata tsarin, ICUMS, a 2020. Senegal kuwa ta daɗe da nata mai suna GAINDE.

Ke nan kowace ƙasa ta sami na'ura, amma a da na'urorin ba sa magana da juna. Jami'in da ke Seme da na Krake suna iya hango juna ta taga, kuma tun watan Oktoba na 2018 ma harabar kan iyaka guda suke ciki, wadda Shugaba Muhammadu Buhari da Shugaba Patrice Talon suka buɗe, amma kafin 2025 abin da wannan ya shigar a kwamfutarsa wancan ba ya ganinsa. Aikin SIGMAT shi ne ya zama tafinta a tsakani. Ba ya tilasta wa kowa ya jefar da manhajarsa. Yana dai shimfiɗa salon saƙo guda ɗaya da kowace manhaja za ta iya aikawa ta kuma karanta, bisa ma'aunin Hukumar Kwastan ta Duniya mai hedikwata a Brussels.

Akwai tubala biyu da aka riga aka aza waɗanda suka sa hakan ya yiwu. Na farko shi ne lambobin kaya na bai-ɗaya da Hukumar Kwastan ta Duniya ta fito da su a 1988, inda kowane irin kaya yake da lamba mai alƙaluma shida da aka sani a ko'ina, ECOWAS kuma ta ƙara huɗu suka zama goma. Da wannan, ko da jami'i ɗaya Turanci yake ji ɗayan kuma Faransanci, lambar shinkafa ko ta siminti ɗaya ce a wurinsu. Na biyu shi ne jadawalin kuɗin fito na bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a watan Janairu na 2015, mai matakai biyar: babu ko kwabo, da kashi 5, da 10, da 20, da kuma 35 cikin ɗari.

Yadda abin yake gudana

A ɗauka kwantena ce ta sauka a wata tashar teku za a kai ta wata ƙasa ta tudu. Wakilin mai kaya, wanda aka fi sani da ejan, yana shigar da bayanin kayan sau ɗaya a na'urar ofishin kwastan na tashar, tare da shaidar lamunin da zai biya kuɗin fito idan kayan suka ɓace a hanya. Idan jami'ai suka gamsu, sai su sa hatimi a jikin kwantenar, na'ura ta fitar da lamba ta musamman ga wannan tafiya, a buga wa direba takardar rakiya mai ɗauke da lambar. A daidai wannan lokaci saƙo yake tafiya zuwa ofishin fita na kan iyaka, da ofishin shiga na ɗaya gefen, da kuma ofishin da za a sauke kayan.

Sa'ad da mota ta iso kan iyaka, jami'i yana shigar da lambar ne kawai, sai duk bayanin ya bayyana a gabansa. Abin da ya rage masa shi ne ya duba ko lambar motar ta dace, ko hatimin yana nan lafiya, ko kuma an wuce wa'adi. In komai daidai ne, ya shaida wa na'ura cewa mota ta wuce, kuma ofishin farko ya gani nan take. A ofishin ƙarshe ake buɗe kaya a gwada su da abin da aka rubuta tun farko, a tura sakamakon baya, daga nan ne ake sakin lamunin mai kaya. Wannan mataki na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai ga ɗan kasuwa, domin a zamanin takarda yakan ɗauki makonni kafin shaidar isar kaya ta koma inda suka taso, jarinsa kuwa yana ɗaure duk tsawon lokacin. Idan kuma mota ba ta bayyana ba har wa'adi ya cika, na'ura ce za ta tona, a san tsakanin wane ofishi da wane ofishi ta ɓace, a kuma bi wanda ya tsaya mata.

Amfanin da ya fi girma, a ganin masu nazarin harkar, shi ne samun bayani tun da wuri yana ba jami'ai damar tantance wanda za su bincika. Mai tarihin gaskiya ya wuce da sauri, a tara ƙarfi a kan wanda ake tuhuma. Bincika kowace mota ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin kowace hukuma, kuma yunƙurin yin hakan shi ne yake haifar da cunkoson da cin hanci yake samun wurin zama a cikinsa.

Ba a Afirka ta Yamma aka fara ba. Tarayyar Turai ta kammala haɗa ofisoshinta na kayan wucewa a kan na'ura tun a farkon shekarun 2000, kuma tsarin SIGMAT ya yi kama da nata sosai. A Gabashin Afirka ma, daga 2014, Kenya da Uganda da Ruwanda da maƙwabtansu suka shiga wani tsari inda ake tantance kaya a biya kuɗin fitonsu ga ƙasar da za su sauka tun suna tashar Mombasa, abin da ya rage tafiyar da takan haura mako biyu zuwa Kampala ta koma 'yan kwanaki. Akwai kuma yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu, 2017, wata guda bayan Nijeriya ta amince da ita. Sashe na 11 ya yi magana a kan 'yancin ratsa ƙasa da kaya, na 12 kuma a kan haɗin kai da musayar bayanai tsakanin hukumomin kwastan.

An ƙaddamar da SIGMAT a Abidjan a 2019, aka fara da hanyar da ta haɗa Kwaddibuwa da Burkina Faso, sa'an nan Benin da Togo da Nijar suka shiga, wasu kuma suka biyo baya. Nijeriya, wadda ita ce babbar kasuwar yankin, ta makara. Sai a watan Mayu na 2025 aka ƙaddamar da haɗin tsakaninta da Benin a kan iyakar Seme da Krake, ƙarƙashin shugaban Hukumar Kwastan ta Nijeriya, Bashir Adewale Adeniyi, wanda kuma aka zaɓa shugaban majalisar Hukumar Kwastan ta Duniya a watan Yunin wannan shekara.

Darasin rufe kan iyaka

Mutanen wannan jiha ba sa buƙatar a ba su labarin abin da rashin yarda tsakanin ƙasashe yake jawowa. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, babban dalili kuwa shi ne fasa-ƙwaurin shinkafa. Tun a 2016 aka hana shigo da shinkafa ta kan tudu, a farkon 2017 kuma aka hana shigo da motoci, amma shinkafar Thailand da ta Indiya ta ci gaba da sauka a Kwatano da yawan da ya fi ƙarfin cikin mutanen Benin, wani ɓangare da sunan kayan wucewa zuwa Nijar, daga can kuma ta sulalo kudu ta ɓarauniyar hanya a kan babura da ƙananan motoci. A watan Nuwamba na 2019 aka ƙara da hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya ƙuntata wa garuruwa irin su Jibiya matuƙa. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamba na 2020, amma ƙofar Jibiya sai a watan Afrilu na 2022.

Idan aka duba sharuɗɗan da Nijeriya ta gindaya wa maƙwabtanta a lokacin, za a ga cewa galibinsu a kan sani ne: kayan wucewa su iso a cikin ainihin mazubinsu ba tare da an farke ba, a kuma miƙa su hannu da hannu ga jami'an kan iyaka. Wato ƙasa tana son ta san abin da ya sauka a tashar maƙwabciyarta da inda ya nufa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da musayar bayanai take bayarwa ba tare da an toshe hanyar mai tumatir da mai awaki ba. Da Nijeriya tana ganin kowace mota da ta bar Kwatano da sunan Maraɗi, tana kuma ganin adadin da aka sauke a can, da an yi maganar da alƙaluma a kan tebur.

Sai dai kada a ɗora wa na'ura abin da ba za ta iya ba. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki, kuma buhun da aka ɗora wa babur aka bi ta cikin daji babu na'urar da ta san da shi. Abin da tsarin yake kamawa shi ne babbar mota a kan babbar hanya, wato tushen da ƙananan masu fasa-ƙwauri suke ɗiba.

Halin da iyakarmu take ciki

Wayar da ta haɗa kwamfutoci biyu ba ta aiki sai gwamnatocin biyu suna ga-maciji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, har zuwa watan Maris na 2024 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, wadda a da ita ce babbar hanyar kayan Nijar daga Kwatano, ta daina aiki a 2023, kayan suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari. Ranar 29 ga Janairu, 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar kayan waɗannan ƙasashe bisa tsarinta na sassauta ciniki har sai an cimma matsaya, a watan Maris na 2025 kuma ƙasashen uku suka sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Ke nan haɗin da aka ƙaddamar a Seme bai kamata a ɗauka ya shafi Jibiya ko Kwangwalam kai tsaye ba. Haɗa na'urar kwastan ta Nijeriya da ta duwan ɗin Nijar abu ne da yake buƙatar yardar Abuja da Yamai, kuma akwai tsohuwar kafa ta tattaunawa, wato Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, kuma a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk waɗannan an yi su ne da fatan ɗan kasuwar Maraɗi da Damagaram zai riƙa ɗauko kayansa ta Nijeriya. Ba zai yi haka ba in har kwantenarsa za ta isa Jibiya cikin kwana ɗaya ta kuma yi kwana uku tana jiran a sake rubuta abin da aka riga aka rubuta a Legas.

Akwai kuma matsalolin da duk mazaunin karkara ya sani: wutar lantarki da layin sadarwa. Idan intanet ya ɗauke a ofishin kan iyaka, ko dai motoci su tsaya, ko a koma takarda, kuma ta wannan ƙofar ce tsohuwar ɗabi'a take dawowa. Batun sirri ma yana nan, domin farashin da ɗan kasuwa ya sayi kaya da sunan abokin cinikinsa dukiya ce a wurinsa. Yarjejeniyar 2017 ta wajabta wa ƙasar da aka ba bayani ta tsare shi, Nijeriya kuma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, shekarar da aka sabunta dokar Hukumar Kwastan.

Abin lura ga 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙananan hukumomi

Ƙaramin ɗan kasuwa mai kai gero ko wake ko dabbobi kasuwar ƙetaren iyaka ba shi ne SIGMAT ya nufa ba, domin kayansa ba na wucewa ba ne. A tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin ba a biyan kuɗin fito a kansu, ba a kuma neman takardar shaidar asali, ko da yake ana iya neman takardar lafiyar dabba ko ta tsiro, kuma Gwamnatin Tarayya takan hana fitar da wasu kayan abinci. Ya kamata a tambayi ofishin kwastan mafi kusa kafin a yi lodi, musamman ganin sauye-sauyen da aka ambata a sama.

Ga mai manyan kaya kuwa, abu na farko shi ne lambar shaidar biyan haraji da rajistar kamfani, domin na'ura ba ta san mutum da fuska ba. Mai shigo da kaya yana buɗe takardar Form M ta bankinsa, mai fitarwa kuma takardar NXP. A yi hulɗa da ejan mai lasisi, a kuma nemi ganin ainihin abin da ya shigar da sunan mai kaya, domin da zarar bayanin ya tafi ƙasa ta biyu, gyara shi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk saɓanin da aka samu tsakanin ofishin farko da na ƙarshe mai kaya ne zai amsa. Direba kada ya taɓa hatimi ko ya sauka daga hanyar da aka rubuta masa. Idan mota ta lalace ko aka yi haɗari, a sanar da ofishin kwastan mafi kusa kafin a sauya wa kaya mota.

Ƙananan hukumomi suna da nasu rabon a cikin jinkirin da ake kuka da shi. Igiyar da masu karɓar haraji suke gittawa a kan babbar hanya tana cinye lokacin da na'ura ta rage, kuma motar da take ƙarƙashin wa'adin kwastan tana iya makara saboda ita, a ci mai kaya tara. Kayan wucewa da ke ɗauke da hatimin kwastan ba hurumin jami'in ƙaramar hukuma ba ne ya buɗe su ko ya tsare su. Wanda yake da ƙorafi ko zargi a kan irin wannan mota, sai ya rubuta lambarta da lokacin da ta wuce, ya kai wa ofishin kwastan na yankin ta hannun shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi.